GYARAN FUSKA YA SHIGA ASIBITI

Duk wanda ya ratsa manyan titunan Ikko ko Abuja ko Kano a 'yan shekarun nan, lalle ba zai rasa ganin wata sabuwar sana'a da ta kunno kai ba. Allo ne za a kafa a gaban bene, da hoton mace fuskarta sumul kamar ɓararren ƙwai, a ƙarƙashinsa kuma a rubuta da Turanci cewa nan asibitin gyaran fata ne. In an shiga ciki kuwa, ga gado irin na asibiti, ga fitila mai ƙarfi, ga injuna iri iri, ga kuma 'yammata sanye da fararen riguna da safar hannu. A wasu wuraren, kuɗin zama ɗaya tak yakan tasar wa albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, amma duk da haka sai an kama layi, musamman in lokacin bukukuwa ya gabato.

Shi dai gyaran jiki ba baƙon abu ba ne ga matan ƙasar Hausa. Tun kafin waɗannan alluna su bayyana ana tsare amarya a ɗaki kwana da kwanaki, ana murza mata dilka, ana cire mata gashin jiki da halawa, al'adar da ta shigo daga Sudan ta hanyar Barno ta zauna daram. Ga kurkum, ga lalle, ga sabulun salo da man kaɗanya. Amma duk waɗannan a bayan fata aikinsu yake tsayawa, iyakarsu su kankare dauɗa su sa laushi da ƙamshi. Na asibiti kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Kusan duk aikin da ake yi wa fuska a irin waɗannan wurare, rauni ne ake yi wa fata da gangan, bisa awo, domin in ta warke ta fito sabuwa. In awon ya yi daidai, an sami gyara. In ya zarce, an sami ƙuna.

Fatar ɗan Adam hawa hawa ce. Ta sama, wadda ido ke gani, kaurinta a fuska bai wuce na takardar rubutu da yawa ba, kuma kullum cikin sabunta kanta take yi: ƙwayoyinta suna tasowa daga ƙasa, su mutu, su zube, cikin kamar mako 4 ga matashi, ga dattijo kuwa ya fi haka daɗewa. A gindin wannan hawa na sama ne ƙwayoyin da ke yin launi suke zaune, watau masu fitar da sinadarin nan da likitoci ke kira melanin. Ƙarƙashinta akwai hawa na biyu, mai kauri, inda jijiyoyin jini da saiwar gashi da jakunkunan maiƙo suke, tare da wasu zaruruwa da ake kira kolajin, waɗanda su ne ke riƙe da fata ta tsaya ɗamau. Raunin da ya tsaya a hawa na sama yakan warke ba tare da tabo ba. Wanda ya nutsa cikin na biyu, to, sai yadda hali ya yi.

Mafi sauƙin ayyukan shi ne wankin fuska na ƙa'ida, inda ake turara ta da tururi, a matse toshewar ƙofofin fata da tsabtataccen ƙarfe, a goge matacciyar fata da inji mai tsotsa, sa'an nan a shafa mai. Irin injin gogen nan a Italiya aka fara fito da shi a 1985, kuma yau yana da jikoki masu sunaye masu daɗin faɗi, irin su HydraFacial. Haɗarinsa kaɗan ne, amfaninsa ma haka. Fuska takan yi sheƙi na 'yan kwanaki, sa'an nan ta koma yadda take. Wanda ke da kuɗinsa ya yi, babu laifi, muddin ba a ce masa magani ya saya ba.

Wanda ya fi shi nauyi shi ne aikin saɓa, watau a shafa wa fuska ruwan asid domin fatar sama ta mutu ta ɗaye, kamar yadda maciji ke yin saɓa. Masu talla suna nuna shi kamar sabon ilmi, alhali kuwa tun a 1882 wani likitan fata Bajamushe mai suna Paul Gerson Unna ya rubuta yadda ake amfani da salisilik da finol da wasu sinadarai wajen ɗaye fata. Masu sauƙi daga cikinsu daga abubuwan da kowa ya sani aka fara samo su: gilaikolik daga rake, laktik daga nono mai tsami. Akan shafa gilaikolik mai ƙarfin kashi 20 zuwa 70 cikin 100, a bar shi 'yan mintuna ana duban agogo ana duban fuskar, sa'an nan a kashe kaifinsa a wanke. Salisilik kuma, da yake yana narkewa cikin maiƙo, yana shiga ƙofofin fata, shi ya sa ake zaɓensa ga masu ƙuraje. Ba zama ɗaya ake yi ba. Akan maimaita sau 4 zuwa 6, da tazarar mako 2 zuwa 4 a tsakani.

Can ƙarshen layin akwai finol, wanda wasu likitoci biyu na birnin Miyami a Amurka, Baker da Gordon, suka shahara da haɗinsa a farkon shekarun 1960. Shi wannan yana nutsawa har tsakiyar hawa na biyu, yana kuma shiga jini, har yakan rikita bugun zuciya, saboda haka ba a yinsa sai da na'urar auna zuciya a manne da majinyaci. A watan Yuni na 2024 wani saurayi ɗan shekara 27 ya mutu a kan gadon wani shagon kwalliya a birnin Sawo Fawulo na Barazil bayan an shafa masa finol, kuma matar da ta shafa masa ba likita ba ce. Kafin watan ya ƙare hukumar magunguna ta ƙasar ta hana amfani da shi wajen kwalliya. Wata guda bayan haka takwararta ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina sayen ruwan saɓa mai ƙarfi suna shafa wa kansu a gida. Irin waɗannan kwalabe kuwa ba su da wuyar samu ta intanet.

To, ga inda gizo ke saƙa ga baƙar fata. Yawan ƙwayoyin launi kusan ɗaya ne a jikin Bature da na Bahaushe. Bambancin shi ne na baƙar fata sun fi himma, kuma ba su da haƙuri. Da zarar an taɓa su, ko da ƙurji ne ko cizon sauro ko ƙuna, sai su amsa da zubo launi fiye da kima, wurin ya warke ya bar baƙin tabo wanda kan yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya dushe. Ke nan asid ɗin da zai bar fuskar Baturiya ta yi ja na kwana 3 ta koma daidai, shi ne zai iya barin fuskar Bahaushiya da dabbare-dabbare, ta fito da tabon da ya fi wanda ta je cirewa muni. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Bugu da ƙari, baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, irin wanda akan gani a kunnen wasu mata bayan huji, wanda ko an yanke shi yakan dawo ya fi na da girma.

Ma'aunin da likitocin duniya ke amfani da shi wajen rarraba fata, wani malamin Jami'ar Harbad ne mai suna Thomas Fitzpatrick ya tsara shi a 1975, kuma tun farko domin fararen fata ya yi shi, mataki 4. Sai a 1988 aka ƙara mataki na 5 da na 6 domin wankan tarwaɗa da baƙi. Akasarin mutanen ƙasar nan a waɗannan biyu na ƙarshe suke. Wannan ɗan tarihi ya isa ya nuna cewa yawancin dabarun da injunan da ake shigowa da su, a kan wata fata aka auna su, kuma takardar da ke cikin kwali ba lalle ta dace da wadda ke kwance a kan gado a Kaduna ba. Likitan da ya san aikinsa yakan fara da mafi raunin haɗi, ya gwada a ɗan wuri bayan kunne ko gefen muƙamuƙi, ya kuma sa a yi mako 2 zuwa 4 ana shirya fatar da wasu mayuka kafin ranar aiki.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin mayukan nan na shiri, watau tiretinoyin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1971 a matsayin maganin ƙuraje, a kan baƙar fata aka yi wasu daga cikin gwaje-gwajensa, amma ta hanyar da ba abin alfahari ba ce. Likitan da ya fito da shi, Albert Kligman, ya yi daga 1951 zuwa 1974 yana gwaje-gwajen sinadarai a jikin fursunonin kurkukun Holmesburg a birnin Filadalfiya, waɗanda akasarinsu baƙaƙe ne, ana ba su 'yan kuɗi kaɗan. Sai a 2022 hukumar birnin ta fito ta nemi gafara. Maganin dai yana aiki, kuma likitoci suna ba da shi har yau, sai dai ba a ba mai ciki.

Hasken leza shi ma haka ne. Launi yake nema ya ƙona, kuma ba ya bambanta launin tabo da launin mai tabon. Akwai nau'in da ya fi dacewa da baƙar fata, mai tsawon zango 1064, wanda ke wuce fatar sama ba tare da ya dafa ta ba. Wanda zai kwanta a ƙarƙashin inji yana da haƙƙin ya tambayi wane iri ne, kuma in mai riƙe da injin ya kasa amsawa, amsar ke nan.

Sai kuma ayyukan allura, inda maganar ta tashi daga ta kyau ta koma ta rai. Akwai aikin caccaka, watau a bi fuska da wani alƙalami mai ƙananan allurai masu yawa, suna huda fata dubban wurare domin ta farka ta saƙa sabon kolajin. Yana taimakawa ƙwarai wajen cike ramukan da ƙuraje suka bari, kuma da yake babu zafin wuta a cikinsa, ya fi leza sauƙin haɗari ga baƙar fata. Wasu sukan haɗa shi da jinin mutum: a ɗebi jini a hannu, a wulwula shi a inji har ruwansa mai launin ɗorawa ya rabu, sa'an nan a caccaka shi cikin fuska. Wannan ya yi tashe tun 2013, sa'ad da tauraruwar talabijin ɗin Amurka Kim Kardashian ta nuna hotonta fuska jina-jina.

Abin da ya biyo baya bai yi tashe kamar hoton ba. A 2018 hukumomin lafiya na jihar Niyu Meziko suka rufe wani shagon da ke yin wannan aiki ba da lasisi ba, bayan wata mata da ta je can ta kamu da ƙanjamau. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini marasa suna a kan teburin kicin, wasu a firiji tare da abinci, ga sirinji a warwatse ba a cikin leda ba. Mai shagon ta amsa laifin yin aikin likita ba da izini ba a 2022, aka ɗaure ta shekara 3 da rabi, kuma a watan Afrilu na 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa mata 3 ne ake jin sun ɗauki cutar a wurin. In haka ta faru a ƙasar da masu duba gari ba sa barci, sai mai karatu ya kwatanta da nan, inda babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ƙwayar cutar da kan yi mako guda da rai a busasshen jini a kan ƙarfe. An daɗe ana yi wa wanzamai wa'azi a kan aska ɗaya kai goma. Allurar caccaka ma askar ce, sai dai ita a ɗaki mai sanyi take, kuma dole a ɓare sabuwa daga ledarta a gaban mai fuskar.

Gaskiyar da masu alluna ba su faye rubutawa ba ita ce, da yawa daga cikin masu zuwa wurinsu, bilicin ne ya kawo su, ko dai suna neman a gyara ɓarnar da ya yi, ko kuma suna neman ƙarinsa da sunan asibiti. Akan ji ana ta maimaita cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske, adadin da ya bazu bayan wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011. Asalinsa dai wani bincike ne da aka buga a 2002 a kan 'yan kasuwa 450 a Ikko, maza da mata, saboda haka bai kamata a ɗora shi a kan dukan matan ƙasa ba. Amma ko ba a ƙidaya ba, ido ya isa shaida, kuma a 2023 hukumar NAFDAC da kanta ta ce abin ya zama babbar matsalar lafiya ta gaggawa.

Sinadarai uku ne ke yin yawancin ɓarnar. Haidirokwinon, wanda dokar ƙasar nan ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, in aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, ciwon da likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975, wanda kuma yana da wuyar magani ainun. Zaiba tana ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Sitiroyid kuwa yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya kuma iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Fatar da ta sha shekaru a wannan hali, kamar tsohon zane take da ya sha wanki. In aka zuba mata asid, ba saɓa za ta yi ba, yagewa za ta yi. Saboda haka ɓoye wa likita irin man da ake shafawa, don kunya, ganganci ne babba. Wadda ta daɗe a kan sitiroyid ma ba a son ta yanke shi rana ɗaya, sai a hankali bisa shawarar likita. Allurar gulutatayon da ake ɗura wa mata a jijiya da alkawarin hasken jiki gaba ɗaya kuwa, hukumomin magunguna na Amurka da na Filifin duk sun yi gargaɗi a kanta, kuma duk wurin da ya sa ta cikin jerin hajarsa ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Farar riga a kasuwa ake sayenta. Likitan fata na gaske ya yi shekara 6 a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan wasu shekaru 5 ko fiye na ƙwarewa a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin ko ta Afirka ta Yamma, kuma kowace shekara sai ya sabunta lasisinsa a wurin majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Mai kwalliyar da ta yi kwas na 'yan makonni tana da nata fagen, tana iya wanke fuska da kyau, amma huda fata da ɗiban jini da shafa asid mai nutsawa sun fi ƙarfin takardarta. Rajistar asibitoci masu zaman kansu a hannun jihohi take. A Ikko, alal misali, hukumar HEFAMAA ce ke yi. Shagon da ya kira kansa asibiti ya kamata a ga takardarsa a bango, a kuma san sunan likitan da ke da alhakin wurin, da ranar da yake zama.

Babban abin da likita ya fi mai shago da shi kuwa shi ne, yakan tambayi me ya kawo ciwon kafin ya ɗauko kwalba. Baƙin da ke bayan wuyan wasu masu jiki, mai laushi kamar karan-miski, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta ciwon sukari na tafe. Ƙurajen haɓa ga mace mai rikicewar al'ada da tsirowar gashi a fuska, daga ƙwan mahaifa matsalar take. Ƙyasfi naman gwari ne, maganinsa mai araha yana kowane kantin magani. Farin tabon da aka tsikara ba a ji zafi ba, yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkar da ita kyauta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da inji zai goge. Asibitocin koyarwa irin su na Shika da na Aminu Kano da na Ibadan suna da ranakun ganin masu ciwon fata, kuma kuɗin kati bai kama ƙafar na zama ɗaya a bene ba. Wahalarsu dai layi ne.

A ɗauki misalin budurwar da aka sa ranar aurenta, saura kwana 10, ƙawaye suka ja ta aka yi mata saɓa mai ɗan nutsawa. Rana ta biyu fuska za ta ɗaure ta yi duhu, ta uku ta fara ɗayewa daga gefen baki, kuma sai ta yi kamar mako guda tana zubar da ɓawo. In ta ƙosa ta sa farce ta ɓamɓare, ta sayi tabo. In ta fita rana wajen rabon kati ba tare da man kariya mai lamba 30 ko fiye ba, sabuwar fatar za ta yi baƙi fiye da tsohuwar. In kuma aka ɗora mata dilka da kurkum a kan ɗanyen wuri, sa'an nan mai kwalliya ta zo ranar kamu ta lafta hoda a kai, to, hotunan bikin za su daɗe suna ba da labari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin ƙuraje kansa yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, na tabo ya fi haka, saboda haka wadda ke son gyaran asibiti domin aure, tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ya kamata ta ga likita, a gama duk abin da za a yi saura wata guda. Wadda ta riga ta makara kuwa, a bar ta da dilkarta da man kaɗanya.